ADIRESHIN INTANET NA GIDANKA: ABIN DA YA KAMATA KA SANI

Kowace na'ura da ta shiga intanet sai an ba ta lambar da za a gane ta da ita, kamar lambar akwatin gidan waya. Ita ce ake kira adireshin IP. Amma akwati naka ne muddin kana biyan haya, shi kuwa adireshin IP aro ne. Kamfanin sadarwa yana iya canja maka shi duk sa'ad da ka kashe na'urarka ka kunna.

Mai karanta labarai ko mai aika saƙo ba ruwansa da wannan, domin shi ne ke fita nema. Wahalar tana kan wanda yake so a iske shi a gida. A ɗauka wani ɗan kasuwa na unguwar Kumbiya-Kumbiya a birnin Gombe ya ajiye kwamfuta a shagonsa mai riƙe da lissafin kaya, watau saba, don ya riƙa dubawa daga Kano in ya je sari. Jiya ya shiga lafiya, yau ƙofa a rufe. Sai ya zargi yaron da ya haɗa masa wayoyi, alhali kuwa yaron ba shi da laifi.

Asalin abin ƙaranci ne. Tsohon tsari, IPv4, adireshi wajen miliyan 4,300 kaɗai ke cikinsa. A watan Fabrairu 2011 babbar hukumar rabo ta duniya ta raba na ƙarshe da ke hannunta, a 2017 kuma AFRINIC, mai raba wa ƙasashen Afirka, ta fara tsimin nata. Saboda haka kamfanonin wayar salula sukan haɗa mutane masu yawa a kan adireshi guda, tamkar gidan haya mai zaure ɗaya. Na ciki yana fita ya komo, amma baƙo ba shi da hanyar sanin ɗakin da zai yi wa sallama. Har wa yau wasu kamfanoni sun hana ajiye saba a layin gida cikin sharuɗɗansu, waɗanda yawancinmu kan amince da su ba tare da mun karanta ba.

Don haka kafin ka kashe kuɗi, tambayi kamfanin: adireshin naka ne kai kaɗai, ko na tarayya? Tsayayye ne, ko mai canjawa? In naka ne amma yana canjawa, akwai dabarar DDNS, wadda ke ba ka suna guda mai bin adireshin duk inda ya koma. In na tarayya ne, wannan dabara ba ta amfana kome. Sai ka nemi tsayayye, wanda galibi akan biya dabam, ko ka tambaya ko sun shiga sabon tsari, IPv6, mai yalwar adireshi.

Wanda ya buɗe wa kansa ƙofa ya buɗe wa ɓarawo ma, saboda haka lalle ne ka canja kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita. In kamfani ya karɓi kuɗinka ya saɓa alkawari, fara kai masa kuka. In bai saurare ka ba, buga wa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, a lamba 622. Kiran kyauta ne.