Yadda Za Ka Bi Sawun Kakanninka Ta Takardun Haihuwa, Aure Da Mutuwa

A Ingila, tun ranar 1 ga Yuli 1837 hukuma ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, a Faransa kuma tun 1792. Shi ya sa ɗan can ke iya bin zuri'arsa kaka da kakanni daga rajista zuwa rajista. Mu namu ba haka yake ba. Turawa sun kafa dokar rajista a Legas tun 1863, amma ba ta kai ga talakan ƙauyen Kano ko Katsina ba. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a kan kowa, wadda ake aiki da ita yau, ta 1992 ce, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke riƙe da ita. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa yara 43 ne kacal cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista.

Wannan ba dalilin karaya ba ne. Takardun da muke da su kaɗan ne, amma suna magana idan ka san yadda ake tambayarsu. Sharaɗin shi ne ka ɗauki kowace takarda a matsayin shaida guda ɗaya a gaban alƙali, kai ne kuma alƙalin: za ka tambaye ta wa ya faɗa mata, yaushe aka rubuta ta, sannan ka gwada maganarta da ta dattawan gidanku.

Fara da kanka, ka koma baya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara daga sama. Mutum ya ji an ce kakansu na bakwai ya zo daga Borno ko Agadas, ko jinin wani sarki ne, sai ya tafi neman hujjar hakan. Ka bar wannan tukuna. Rubuta sunanka, na mahaifinka da mahaifiyarka, na kakanninka huɗu. Kada ka hau mataki na gaba sai ka tabbatar da wanda kake kai.

Kafin ka taka ofishin kowa, a buɗe maka akwatunan gida. Nemi takardar haihuwa, katin asibiti da na rigakafi, takardar kammala firamare, tsohon fasfo, takardun aikin hajji, takardar ɗaukar aiki da ta fansho, rasit na haraji da na jangali, takardar sayen gida ko gona. A gidajen malamai, duba bangon Alƙur'ani da gefen littattafai, domin malamai da yawa a nan suke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu, da larabci ko da ajami. Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ka mayar wa mai ita a ranar. Wanda ya ga ka riƙe amana shi zai fito maka da ta biyu.

Takardar haihuwa iri uku ce, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba

Ta farko ita ce wadda aka yi lokacin haihuwar, a asibiti, ko a ofishin En'e da ƙaramar hukuma a da, ko a cibiyar Hukumar Ƙidaya a yanzu. Ita ta fi ƙarfi, domin an rubuta ta abin yana sabo. A jikin ta Hukumar Ƙidaya akwai sunan cibiyar da aka yi rajistar, ƙaramar hukuma, shekara, lambar kundi da lambar shigarwa. Kwafe waɗannan lambobin a littafinka. Da su za a iya nemo ainihin rajistar idan takardar ta ɓace, kuma fom ɗin da aka cike a ranar ya fi takardar da aka miƙa wa iyaye yawan bayani, musamman a kan uwa.

Ta biyu ita ce takardar tabbatar da haihuwa da Hukumar Ƙidaya ke ba babban mutum wanda ba a yi masa rajista yana yaro ba. Ta uku ita ce takardar rantsuwar shekaru daga kotu. Waɗannan biyun ba su shaidi haihuwar ba. Abin da mutum ko wani babba nasa ya faɗa bayan shekara ashirin ko arba'in aka rubuta. Sau da yawa an yi su ne don shiga makaranta, neman aiki ko tafiya, kuma kowa ya san yadda shekaru ke raguwa a irin wannan hali. Ka yarda da sunan uba da garin da ke ciki, amma ka sa alamar tambaya a kan shekarar. Idan ka ga 1 ga Janairu, mai yiwuwa magatakarda ne ya cike gurbi.

Aure

Auren Musulmi da waliyyi da sadaki da shaidu ake ƙulla shi, shi ya sa mafi yawan auren iyayenmu da kakanninmu ba su shiga rajistar kowa ba. Dokar aure ta 1914 ta shafi auren rajista ne da na majami'a. Don haka Hausawa Kirista, kamar na Wusasa kusa da Zariya, su nemi littattafan baftisma da na aure a majami'unsu, inda ake rubuta sunayen ma'aurata da na shaidu. Ga Musulmi, sawun aure ya fi fitowa a kotun alƙali: ƙarar neman saki, hul'i, rigimar sadaki ko riƙon 'ya'ya. Akwai kuma takardar shaidar aure da wasu kotuna da masallatai ke bayarwa, katin gayyata, da sanarwar jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, New Nigerian a 1966, kuma tsofaffin fitowarsu sun cancanci dubawa idan kakanka ma'aikaci ne, ɗan kasuwa sananne ko mai sarauta.

Mutuwa, da takardar da ta fi kowace daraja

Mukan binne mamaci a ranar da ya rasu, ba a kuma cika neman takardar mutuwa ba sai idan akwai fansho, kuɗi a banki ko wata dukiya da za a karɓo. Idan akwai ta, ranar rasuwar abin dogaro ce, amma shekarun mamacin ƙiyasi ne na ɗa ko ƙanen da ya kai rahoto.

Abin da nake so ka fi ba ƙarfi shi ne takardar rabon gado. Shari'a ba ta yarda a raba dukiya ba sai an lissafa magada duka: matan da mamacin ya bari, 'ya'ya maza da mata, iyaye idan suna raye, wani lokaci 'yan'uwa. Takarda ɗaya takan jera maka gida sukutum, har da sunayen mata waɗanda ba za ka same su a ko'ina ba. Ta kan nuna gonaki da gidaje da iyakokinsu, ka san inda aka zauna da su wane ne maƙwabta. Tambayi dattawa wace kotu ce ta raba gadon kakanka, ko wane malami ne ya raba a gida, domin malamai ma sukan ajiye rubutu.

Ina takardun suke?

Bi garin, kada ka bi jihar yau. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987; Jigawa, Kebbi da Yobe an ƙirƙire su a 1991; Zamfara da Gombe a 1996. Takardar mutumin Haɗeja ko Gumel ta shekarun 1970 tana iya kasancewa a Kano, ta mutumin Gusau a Sakkwato. Kotunan alƙalai sun zama kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, daga baya jihohi da dama suka mayar da su kotunan shari'a, saboda haka ka tambayi magatakarda wace kotu ce ta gaji tsohuwar.

Ga zamanin Turawa, je Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke, sai Gidan Arewa shi ma a Kaduna, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada ka je da tsammanin rajistar haihuwa. Abin da ke can rahotannin haraji ne, tarihin gundumomi, jerin hakimai da dagatai, da bayanan ma'aikatan En'e.

Idan reshenku ya tsallaka Nijar, rajista tana ofishin magajin gari. Nemi littafin iyali, wanda ke haɗa aure da 'ya'ya wuri guda. Wanda ba a yi masa rajista da wuri ba kotu ke ba shi hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, kuma tsofaffin takardu sukan ce an haife shi wajejen shekara kaza. A Ghana akwai dokar rajistar auren Musulmi tun 1907. Ko da yake kaɗan ne suka bi ta, ta isa dalilin dubawa a ma'adanar Akara, Kumasi ko Tamale idan kakanka fataucin goro ya kai shi zango.

Ko ina za ka je, tafi da katin shaidarka da rubutacciyar buƙata mai ɗauke da cikakken suna, gari, unguwa da shekarun da kake zato. Ka nemi rasit a kan duk kuɗin da ka biya. Idan an ce ba a gani ba, rubuta inda ka duba da shekarun da aka duba, don kada wani naka ya maimaita wahalar.

Mutum ɗaya, suna huɗu

Nan ne masu bincike suka fi ɓata. Kakanka yana da sunan yanka, yana da sunan rana kamar Ɗanladi ko Ɗanjuma, yana da laƙabin da uwa ko kaka ta sa masa saboda alkunya, yana da kuma sunan sana'a ko sarauta. Abubakar na iya fitowa Garba ko Habu, Abdullahi ya fito Audu, Muhammadu ya fito Mamman a Kano, Mamane a Maraɗi. Waɗanda suka yi makarantar boko a da an sha liƙa musu sunan garinsu, kamar yadda muka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Yaron da aka ba riƙo kuwa sau da yawa da sunan mariƙinsa aka sa shi makaranta, har takardunsa duka suka tafi a haka. Buɗe wa kowane mutum shafi, ka jera sunayensa duka da wanda ke kiransa da kowanne. Kada ka haɗa mutum biyu don suna ya zo ɗaya; sai gari da uba da zamani sun dace.

Yadda ake fitar da shekara

Tsohuwa ba za ta ce maka 1953 ba, amma za ta ce an yi mata aure shekarar da Sarki Sanusi ya hau. Tanadi jerin abubuwan da aka san shekarunsu. A Kano: shigowar Turawa 1903, yunwar Kakalaba wajen 1914, Sarki Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, hawan Ado Bayero 1963. Ga ƙasa baki ɗaya: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannu 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Tambayi kuma wa ya girmi wa, wa aka yaye aka haifi wa, su wa aka yi wa kaciya tare. Idan shekarar hijira ce a rubuce, raba ta da 33, cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Shekarar 1380 za ta ba ka 1960. Kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Abin da za ka tarar

Bincike na gaskiya yakan tono abin da gida ya rufe: bauta, saki mai ɗaci, ɗan da ba a ambato, ko sarautar da aka daɗe ana taƙama da ita ba hujja. Rubuta gaskiya a littafinka, amma ka shawarci manya kafin ka yaɗa, kada kuma ka saka takardun rayayyu a Facebook ko WhatsApp. Manufar ita ce sada zumunci.

A ƙarshe, ka gyara wa na baya. Doka ta ba da kwana 60 a yi wa jariri rajista, don haka ka haɗa ta da hidimar suna, ka duba an rubuta sunan uwa cikakke tare da na mahaifinta. Idan an yi rasuwa, a karɓi takarda ko mamacin bai bar ko sisi ba, mace ce ko yaro. Abin da ka tattara kuma ka yi kwafi uku, ka raba wa gidaje uku na dangi, kowane bayani da sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Sannan ka zaɓi wanda ya fi kowa tsufa a danginku ka je gaishe shi cikin wannan makon, da littafi da alƙalami. Ofishi zai jira ka, shi kuwa ba tabbas.