Nazari a Kan Kalmomin Halakar Jirgin Ruwa a Hausar Mahuta

1.0 Gabatarwa

Masana harshe sun daɗe da lura cewa kowace al'umma takan tara kalmomi a kan abin da ta fi cuɗanya da shi. Mutanen Gujarat ta yammacin Indiya, waɗanda ke da doguwar gaɓar teku, suna kiran babban jirgin ruwa vahan ko jahaj, idan kuma ya halaka sukan ce vahan dubyu, wato jirgi ya nutse. Har yau suna tunawa da jirgin Vaitarna, wanda suka laƙaba wa suna Vijli saboda fitilun lantarkinsa. Ya tashi daga Mandvi zai tafi Bombay ran 8 ga Nuwamba, 1888, ya ɓace da mutane fiye da 700.

Mutumin Mahuta kuwa, a ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi, ba shi da teku, sai rafi da tafki da madatsar ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda Hausarsa ke bayyana halakar jirgi, da abin da zaɓen kalma ke iya fallasawa ko ɓoyewa.

2.0 Kalmar Jirgi

Asalin ma'anar jirgi ita ce abin fito wanda aka sassaƙa daga gungumen itace. Da hanyar dogo ta iso Kano a 1911 sai aka sami jirgin ƙasa, da jiragen Ingila suka sauka Kano a 1925 kuma aka sami jirgin sama. Wannan yaɗuwar ma'ana ta tilasta wa mai asalin sunan neman ƙarin bayani, ya koma jirgin ruwa. Tun da dogo ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, idan manomin wannan yanki ya ce jirgi kurum, ya fi nufin wanda ke kwasar auduga da gyaɗa. Ƙaramin na ruwa kwale-kwale yake kiransa, babban kuwa ya fi jin labarinsa a wurin tafsiri, a ƙissar Annabi Nuhu.

3.0 Aikatau a Madadin Suna

Hausa ba ta da tilon suna guda da ke nufin halakar jirgin ruwa. Da aikatau take wannan aiki, kamar a waɗannan misalai:

(a) Jirgi ya kife.
(b) Jirgi ya nutse.
(c) Jirgi ya fashe.
(d) Ruwa ya ci mutum biyar.

Idan aka lura, kowane aikatau a nan daga cikin gida aka ɗauko shi. Ƙwarya da akushi su ake kifewa, guga ke nutsewa a rijiya, tulu ke fashewa, tuwo kuwa shi ake ci. Saboda haka ma'anoninsu ba ɗaya ba ne. A (a) jirgi ya juya baki ƙasa, amma mai yiwuwa yana bisa ruwa, har wasu su kama shi su tsira. A (b) ya tafi ƙasan ruwa. A (c) jikinsa ne ya tsage. A (d) an bar zancen jirgi, an koma kan rayuka, an kuma ɗauki ruwa tamkar mai baki.

Bisa tsarin azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya fitar a 1960, kife da nutse 'yan aji na huɗu ne, ajin da ke nuna aiki ya auku ƙurmus. Kifar da da nutsar da kuwa 'yan aji na biyar ne:

(e) Iska ta kifar da jirgin.
(f) Yawan kaya ya nutsar da jirgin.

Bambancin shi ne (a) da (b) sun faɗi abin da ya sami jirgi kaɗai, amma (e) da (f) sun fito da mai aikatawa fili. Daga wannan aji ne harshen siyasa ya sami kifar da gwamnati.

4.0 Hadari da Haɗari

'Yan jarida sun fi amfani da haɗarin jirgin ruwa. Haɗari, ko hatsari, ararriyar kalma ce daga Larabci, tana nufin abin tsoro ko mummunan tsautsayi. Ta sha bamban da hadari, wato gajimaren da manomin Mahuta ke ɗaga kai yana jira da damina. Lanƙwasar ɗ ce ta raba su a rubuce, kuma duk inda aka yi watsi da ita sai mai karatu ya rasa ko guguwa ake nufi ko asarar rai.

Matsalar ta wuce ta rubutu. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi a Bagwai ta Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, aka kuma danganta abin da lodin da ya wuce kima. A dubi jumloli biyu da za a iya ba da labarin da su:

(g) An yi haɗarin jirgin ruwa a Bagwai.
(h) Lodin wuce kima ya kifar da kwale-kwale a Bagwai.

Mai jin (g) zai yi salati ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai jin (h) zai yi salati, sa'an nan ya tambayi wanda ya yi lodin da wanda ya ƙyale aka yi shi. Duka jumlolin gaskiya ne, amma ta biyun ce kaɗai ke iya sa mai fito ya ƙirga fasinjojinsa gobe.

5.0 Kammalawa

An ga cewa rashin teku bai bar Hausa cikin talaucin kalmomi ba, domin ta ɗebo aikatau daga madafa da bakin rijiya ta bayyana kowane irin halakar jirgi dalla-dalla. Abin da ya rage ga masu fassara da masu karanta labarai shi ne su rarrabe kife da nutse da fashe, su kiyaye lanƙwasar haɗari, su kuma yi amfani da aji na biyar duk inda aka san musabbabi. Ya kamata kuma a nazarci Hausar masunta da masu fito na Yawuri da Argungu, a gwada ta da wannan ta manoma.