Rukuni da ƴan rukuni

Kumasi babban birnin Asante ne, a ƙasar Gana. Tun zamanin da, fataken Hausa suna zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake suka watse, wasu suka zauna Kumasi. Unguwarsu ana ce mata Zongo, wato zango. Har yau ana cinikin goro da Hausa a can.

A wata rumfa, wani yaro yana taya kawunsa aiki. Wani falke zai koma Maraɗi, yana jiran goronsa.

Kawu ya ce: «Ware mini goro mai kyau a faifan nan.»

Yaro ya ware. Kawu ya duba, ya mayar da rabi. Falke kuma ya tsinci wasu cikin waɗanda aka mayar. Gardama ta tashi, har falke ya miƙe zai tafi.

Yaro ya ce: «Kawu, mai kyau a idon wa?»

Kawu ya yi dariya, ya ce: «Gaskiyarka. Ware farin goro kawai.»

Nan da nan aiki ya tafi daidai. Farin goron da ke cikin faifan shi ne rukuni. Da Faransanci ana cewa «ensemble». Kowane goro guda da ke ciki ɗan rukuni ne, wato «élément». Jan goro ba ɗan wannan rukuni ba ne.

«Goro mai kyau» bai zama rukuni ba, domin kowa da nasa gani. A lissafi, sai in kowa zai iya cewa wannan yana ciki, wancan ba ya ciki. Haka Georg Cantor, masanin lissafi na ƙasar Jamus, ya ɗauki rukuni. Ya fara wannan nazari a 1874.

Can sai yaro ya ɗago wani goro tsaka-tsaki, ba fari sosai ba, ba ja ba. Dole aka tsaya. Kawu da falke suka shirya cewa duk mai ɗan ja a jiki ba ya shiga faifan.

Aiki:
1. Ƙwaryar goro ɗari ce. Ƴan rukuni nawa ne cikin ƙwarya 3?
2. «Yara masu ƙoƙari a aji» rukuni ne? Don me?
3. A zana da'ira, a rubuta ranakun mako a ciki.