Darasi: Kwandon da Ya Ceci Musa

Duk wanda ya ratsa fadamun Kirikasamma a ƙasar Haɗejiya ya ga goriba birjik. Ganyen ƙaramar goriba shi ake kira kaba. Mai saƙa yakan yanko ta, ya shanya, ya tsattsaga, ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi, sa'an nan ya saƙa kwando, ko faifai, ko lefe, ko tabarma. Sili ɗaya na kaba ba shi da wani ƙarfi, amma in an sarƙa su wuri guda sai su ɗauki hatsi da kifi zuwa kasuwa.

Littafin Fitowa, sura 2, ya nuna mana darajar irin wannan aiki. Sa'ad da Fir'auna ya umarta a jefa jariran Ibraniyawa maza cikin Kogin Nilu, uwar Musa ta sa ɗanta cikin kwandon iwa, ta ajiye shi a bakin ruwa. Ba a ambaci sunan wanda ya saƙa kwandon ba, amma da aikin hannunsa Ubangiji ya ceci mai fid da Isra'ila daga bauta.

Yau kayan roba sun cika kasuwanninmu, matasa kuwa suna jin kunyar zama kusa da tsofaffi su koya. In tsoho ya rasu bai koyar ba, sana'ar ta bi shi kabari. Saboda haka kada mu rena mai saƙa, kada kuma mu taya kayansa da wulakanci.

Tambaya: a gidanka, wa ya iya saƙa, wa kuma yake koyo?