Ciwon Ƙafafu Wanda Tsayuwa Ke Kawowa

'Yan'uwa, akwai waɗansu a cikinmu, yawancinsu mata masu ƙuruciya, waɗanda in sun miƙe tsaye sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiri ya ɗebe su, ƙafafu su yi nauyi da ciwo. Kada mu ce ragwanci ne. Cuta ce, likitoci suna ce da ita POTS.

Ga dalilin. Sa'anda mutum ya tashi, jini yakan gangara ƙasa, hanyoyin jini na ƙafa kuwa su matse su komar da shi bisa. Ga mai wannan cuta ba su matsewa sosai. Jini ya taru, ƙafafu su yi duhu da tsami, zuciya kuma ta ƙara bugu 30 ko fiye a minti ɗaya. Waɗansu kuwa ƙananan jijiyoyi ne suka lalace, tafin ƙafa ya riƙa raɗaɗi kamar an shafa barkono.

Zafi yana ƙara buɗe hanyoyin jini, na Sakkwato kuwa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Domin wannan a bar mai cutar ya zauna lokacin waƙa cikin sujada, ya riƙa shan ruwa da yawa. Amma in ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura, wannan dabam ne, a kai shi asibiti ran nan.