Yadda ake gina wata duniya da baki kawai

Sai an idar da sallar isha'i ake farawa, don ba a tatsuniya da rana. A bazarar Sakkwato, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, tabarma a tsakar gida ta wadatar. Mai bayarwa galibi kaka ce ko goggo, wadda girki ya sauka daga kanta. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, shi ke nan an bar Mabera ko Runjin Sambo, an faɗa ƙasar da kura ke cin kasuwa.

'Yan wasa ba sa wahalar samu: Gizo da tsamin bakinsa, Ƙoƙi, sarki, Dodo. Gizo kan mutu a tatsuniyar jiya ya tashi garau a ta yau, jiya manomi, yau surukin sarki, ba yaron da ke neman ba'asi. Dabarar nan ce ta cika gidajen sinima a 2021, da aka haɗa Spider-Man uku daga duniyoyi daban-daban a fim ɗin No Way Home. Kakanninmu sun daɗe suna yin ta ba ko sisin kwabo.

Inda ake gane gwana shi ne tafiya ta biyu. Ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja. An kori 'yar bora ta je ta wanko ƙirgi. Ta ratsa kogunan abinci ba ta taɓa ba, ta iske Cinya da Kare a bukka ta gaishe su da ladabi, aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya ta dafa tukunya ta cika, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta koma gida da dukiya. Wannan kowa na iya faɗa. Sai 'yar mowa ta ce ita ma za ta. To a nan dole mai bayarwa ta sake bin hanyar nan sak, kogi bayan kogi yadda ta jera su ɗazu, bukkar nan, karen nan, ba ta canza komai ba sai halin yarinyar. Waccan ta ce alhamdu lillahi ta ƙoshi, wannan ta zauna ta naɗe hannun riga ta ci har da suɗe yatsu. Murya ma sai ta sauya, a ja hanci, a yatsine fuska. Kuma a ƙara sauri, don yara sun riga sun san abin da ke gaba, daɗinsu shi ne jiran inda za ta kwaɓe. Da ta tsallake abu ɗaya za ka ji an ce, “Kaka, ina kogin zuma?” In ta ƙaro sabon abu don burgewa, ginin ya rushe, domin ba hanya ɗaya ba ce kuma. A ganina wannan ne ke riƙe mu, yaro da babba: a nuna maka rayuwa guda sau biyu, ka ga abin da zai faru da an zaɓi ɗaya ƙwan.

Sakkwato na da hannu wajen adana waɗannan labarai. Razdan Burdon ya sa malamai sun rubuta masu yawa, ya miƙa wa Frank Edgar, wanda ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Aiki ne babba, amma takarda ba ta iya yatsine fuska.

Rufewa ba ta ɗaukar lokaci. Ƙurunƙus kan kusu, a jingina wa Gizo ƙaryar, kowa ya dawo tsakar gida. Yara za su ce a ƙara. Wadda ta san aikinta ba ta ƙarawa, sai dai ta ce akwai ta Gizo da Ɓaure gobe, ga wanda ya wanke kwanonin tuwo.