Soyayyar Kwana Huɗu

'Ya'yana na Zongo, na ji kun tono wani tsohon fim na Amurka a wayoyinku, Anchors Aweigh, kuna ta tura wa juna wurin da Gene Kelly yake taka rawa da Jerry, ɓeran nan na katun ɗin yara. Ku kalla abinku. Ƙafar mutumin nan baiwa ce, muryar Frank Sinatra kuwa tana sanyaya rai.

Amma ku duba shekarar da ya fito: 1945, Yaƙin Duniya na Biyu bai gama lafawa ba. Sojojin ruwa biyu aka ba hutun kwana huɗu, suka nufi Hollywood, a cikin kwanakin nan suka yi gamo da 'yan mata, aka yi waƙa, aka yi saɓani, aka shirya. Me ya kawo wannan gaggawa? Wanda jirgin yaƙi ke jiransa ba shi da tabbacin gobe. Kamfanin MGM da ya shirya fim ɗin ya san su waye za su cika sinima: matan da mazajensu ke bakin daga, da samarin da ake shirin kwashewa. Dariya aka sayar musu don su samu barci, ni kuwa ban ga laifin wannan ba.

Abin da ke damuna shi ne in ga ɗiyata ta ɗauki wannan saurin ma'auni. Ke ba jirgi ke jiran saurayinki ba. Bari ya zo zance a gan shi, kawunnanki su bincika asalinsa da sana'arsa, a ji yadda yake da mahaifiyarsa. Kai ma, ɗana, iya tsara magana ba ya biyan kuɗin haya a Lome.

Mu ma yaƙin nan ya taɓa mu, ko da ba a sa mu a fim ba. Hausawa da yawa daga Najeriya da Gwalkwas sun yi yaƙi a dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, wasu da kaya niƙi-niƙi a ka, inda mota ba ta shiga. Nan Togo kuwa, daga 1940 zuwa 1942 tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa, iyakar Aflao da ke tsakaninmu da Gwalkwas ta zama shinge tsakanin dangi, fatauci ya yi wuya. Matanmu sun yi jiran shekaru, wasu da goyo, ba mai kiɗa musu.

Tun da aka rushe tsohon Zongon Lome a 1977 aka mai da mu Agoè, labaran nan suke ta zubewa. Akwai sauran tsofaffi da suka ji su daga bakin iyayensu. Ku je gaishe su bayan La'asar, ku riƙe ɗan goro, ku nemi izini kafin ku kunna wayar ta ɗauki murya. Ku tambayi kakarku wace waƙa uwarta take yi a bakin turmi lokacin da wasiƙa ta daina zuwa.